Yadda za ka cike gurbin mai bes da jita ɗaya

Shekara huɗu muna kiɗa mu uku: ni a kan jita da waƙa, abokina a kan ganguna, sai mai bes, wato mai kaɗa jitar nan mai kaurin amo da ke riƙe ƙasan kiɗa. Da aiki ya ɗauke mai bes ɗin zuwa wani gari mai nisa, muka ce bari mu lallaɓa mu biyu kafin Allah ya kawo wani. Atisayenmu na farko har yau yana kunnena. Muka ɗauko waƙar da muka fi iyawa, muna kaiwa amshi, wurin da a da ƙirjin mutum ke amsawa, sai na ji wayam. Jita tana can sama tana ihu, gangar ƙafa tana ƙasa tana duka ita kaɗai, tsakaninsu fili fetal. Abokina ya ajiye sandunansa ya ce, "Mutumina, gini muke ba harsashi."

Wani mai bes ɗin bai zo ba, daga baya mu ma muka daina nema. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na koya a shekarun da suka biyo baya, har da lasifika guda da na kashe a hanya. Idan kai ma jita ce a hannunka kuma ba mai riƙe maka ƙasa, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi abin.

Maɓallin bes ba zai cece ka ba

Abin da na fara yi, kuma kusan kowa da shi yake farawa, shi ne murɗa maɓallin bes na amfilifaya har ƙarshe. Sauti ya kumbura, amma ramin yana nan inda yake. Dalilin a lissafi yake. Tsirkiya mafi kauri a jita, wato E, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 82 Hz. E ta jitar bes sau 41 take kaɗawa, rabi ke nan daidai, kuma wannan rabin shi makaɗa ke kira oktef ɗaya ƙasa. Duk amon da ke tsakanin 41 da 82 jitarka ba ta taɓa furta shi ba. Maɓalli kuwa ba ya ƙirƙira, abin da ya tarar yake ƙara wa ƙarfi. Abin da yake tararwa shi ne yankin 100 zuwa 250 Hz, inda jita ke da jiki. Ka cika wannan yanki fiye da kima sai sauti ya dagule, kod, wato amo da yawa da ake bugawa tare, ya daina rabewa, muryar mai waƙa ta nutse a ciki.

Aiki biyu ne ke gabanka ke nan. Na farko ka samar da amon da babu shi. Na biyu ka ba shi ƙofar da zai fita. Mutane da yawa na farkon suke yi su tsaya, sannan su ɗora wa feda laifi, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa don ta sauya sautin jita.

Kafin ka sayi komai, taɓa jitar kanta. Ka sassauta E ta koma D, ka sauko 73 Hz, kuma yatsa ɗaya zai riƙe maka kod a tsirkiyoyi uku na kauri. Ka sauke jitar gaba ɗaya har E ta zama C, ka kai 65 Hz. Ƙungiyar Sleater-Kinney ta Amurka ta yi shekaru da jita biyu da ganguna ba mai bes, jitocinsu a sauke zuwa C#. Sai dai tsirkiya siririya idan aka sassauta ta takan yi laƙwas, tana dukan firet, wato ƙarafunan da ke gicciye a wuyan jita, amonta na yawo. Idan kana amfani da saitin tsirkiya mai kaurin inci .010 zuwa .046, koma .011 zuwa .052 don D, ko .012 zuwa .056 don C, ka kuma kai wa mai gyaran jita ya daidaita wuya da ramukan da tsirkiyoyi ke kwanciya a ciki. Akwai kuma jitar bariton mai dogon wuya, inci 27 zuwa 30 maimakon 25.5 na Fender ko 24.75 na Gibson, wadda tsirkiyarta mai kauri ke zama a B, kusan 62 Hz. Duk wannan yana rage ramin. Bai cike shi ba, don har yanzu da saura kafin 41.

Fedar oktef: a nan maganar take

Fedar oktef tana sauraron amon da ka buga ta haifar da ɗan'uwansa a ƙasa. Iri biyu ce, kuma bambancinsu shi zai yanke maka wadda za ka ɗauka.

Ta farko ita ce ta analog, wadda Boss OC-2 ta 1982 ta fi kowace suna a cikinsu. Aikinta mai sauƙi ne: tana mayar da kaɗawar tsirkiya bugu-bugu kamar mai kunna fitila yana kashewa, sai a duk bugu biyu ta fitar da ɗaya. Amon da ke fitowa mulmulalle ne, mai nauyi, kuma yana zuwa tare da yatsanka ba jinkiri. Ni dai har yau ban ji abin da ya kai shi daɗi a ƙarƙashin gangar ƙafa ba. Rauninta shi ne amo ɗaya kawai take iya ƙirgawa. Ka ba ta kod sai ta rikice, ta riƙa tsalle tsakanin sama da ƙasa kamar muryar yaron da ya fara balaga. Ko amo ɗayan ma tana da sharuɗɗa. Ka koma fikof (abin da ke ɗaukar amon tsirkiya a jikin jita) na kusa da wuya, ka rage maɓallin kaifi na jikin jita, ka buga da babban yatsa ko ka sassauta hannu a kan fik, ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, ka kuma danne sauran tsirkiyoyi kada su yi motsi. Ta fi natsuwa daga firet na biyar zuwa sama. A buɗaɗɗiyar E takan yi gardama, musamman idan amon ya fara mutuwa.

Ta biyu ita ce ta dijital, irin su POG ta kamfanin Electro-Harmonix da ta fito a 2005, da ƙanwarta Micro POG, da Sub 'N' Up ta TC Electronic. Waɗannan suna jin kod gaba ɗaya, su sauke kowane amo da ke cikinsa. Suna da ɗan jinkiri na wani ƙaramin yanki na daƙiƙa, wanda yatsa ke ji kafin kunne ya ji, kuma amonsu yana da wani ƙyalli irin na ogan. Waɗannan biyun ana sabawa da su. Abin da ba a sabawa da shi shi ne abin da ke faruwa idan aka sauke kod mai tsirkiya shida oktef ɗaya. A can ƙasa, amo biyu da ke kusa da juna ba sa jituwa, ture juna suke yi, sai ka ji ƙugi kawai. Duba hannun hagu na mai fiyano: idan ya gangara ƙasa yakan ware yatsunsa, ya buga amo ɗaya ko biyu masu nisa da juna. Mai bes ma haka, amo ɗaya yake ajiyewa a lokaci guda. Na ɓata watanni ina ta canza saiti a kan feda mai sauke komai, ina mamakin me ya sa har yanzu ba mu yi kama da masu bes ba, alhali kod shida-shida nake ta zuba mata.

Maganin wannan ya fara fitowa a Boss OC-3 ta 2003, wadda ke da maɓallin da aka rubuta wa Range. Da shi kake ce wa fedar ta sauke amo daga wuri kaza zuwa ƙasa, ta ƙyale na sama. OC-5 ta 2020 ta ƙara gaba: ka murɗa wannan maɓalli har ƙarshen hagu sai ta tsinci amo mafi kauri a cikin kod ta sauke shi shi kaɗai. Ga mai buga kod yana waƙa, wannan ita ce fedar da zan ce ya fara gwadawa. Amma ka sani ba ta ganin tsirkiya, kaurin amo take ji. Idan ka hau wuya a kan tsirkiyar A ka wuce iyakar da ka sa mata, bes ɗinka zai ɓace a tsakiyar layi. Ka zauna da waƙoƙinka ɗaya bayan ɗaya, ka nemo amon bes mafi tsayi da kake buƙata, ka sa iyakar ta ɗan wuce shi kaɗan.

Akwai hanya ta uku da ta fi duka tsabta, sai dai tana son a taɓa jikin jita. Scott Lucas na ƙungiyar Local H ya sa fikof na bes a ƙarƙashin tsirkiyoyinsa biyu na kauri, da kafar waya tasa daban, tun shekarun 1990 da suka koma su biyu. Yanzu akwai ƙananan fikof irin Submarine da ake mannawa ƙarƙashin tsirkiya biyu ba tare da an sassaƙa jita ba. Amfanin a fili yake: fedar oktef ba ta jin komai sai E da A, don haka ko tsohuwar analog sai ta natsu ta yi aikinta kana buga cikakken kod a sama.

Idan kana shakkar ko feda na iya tsayawa a madadin bes, tuna layin da ya buɗe "Seven Nation Army" ta White Stripes a 2003. Mutane da yawa sun ɗauka bes ne. Jita ce Jack White ya bi da ita ta cikin DigiTech Whammy a sauke oktef ɗaya. Ka lura kuma amo ɗaya-ɗaya yake bugawa.

Zaɓina a taƙaice: mai buga layi ɗaya-ɗaya masu nauyi ya ɗauki analog, mai buga kod ya ɗauki wadda ke tsince amon ƙasa. Maɓallin oktef biyu ƙasa kuwa ka bar shi a sifili. E da aka sauke sau biyu tana wajen 20 Hz, bakin iyakar jin ɗan Adam, ƙarfin amfilifaya kawai za ta cinye ba wanda ya ji ta.

Ƙofar fita

Na sayi fedata ta farko, na haɗa ta da 'yar amfilifayar jita mai wat 15, lasifika inci 10, bayanta a buɗe. A ɗaki ni kaɗai abin ya yi daɗi. Da muka haɗu da ganguna dole na ƙara murya, kuma a atisaye na uku ta fara wani ƙara kamar ana yaga takarda. Na kai wa wani dattijo mai gyara. Ya kwance ta, ya ɗora yatsu huɗu a kan takardar lasifikar ya danna a hankali, muka ji tana gogar wani abu a ciki, ƙurr, ƙurr. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, me ka ɗora mata?" Na ce, "Baba, wata feda ce mai sauke sauti ya koma na bes." Ya girgiza kai ya ce, "Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi."

Gaskiya ya faɗa. Lasifikar jita ba a yi ta don wannan yanki ba. Celestion Vintage 30, wadda ke cikin akwatuna da yawa, kamfaninta ya rubuta mata 70 zuwa 5,000 Hz. Kuma duk lokacin da ka sauka oktef ɗaya kana son ƙara iri ɗaya, sai takardar lasifika ta yi tafiya gaba da baya ninki huɗu. Idan bayan akwatin a buɗe yake abin ya fi muni, don ba iskar da ke tare takardar, ga shi iskar baya tana zagayowa ta kashe ta gaba, kaurin ya salwanta. Ƙari a kan haka, kunne ba ya jin amo mai kauri da sauƙi kamar na tsakiya, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Kowane ƙarin desibel 3 na ƙarar sauti kuwa ninka wat ne, wato ƙarfin amfilifaya. Shi ya sa amfilifayar jita mai wat 30 ke cika ɗaki, ta bes kuma sai ta kai ɗari biyu ko uku kafin ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai ganga.

Don haka idan kuɗinka na abu biyu ne kawai, fedar oktef da amfilifayar bes za ka saya, ko da ta hannu ce. Tawa mai wat 200 ce da lasifika inci 15, kuma ba ta taɓa gazawa a ƙaramin zaure ba.

Yanzu sai ka raba sautin jitarka gida biyu. Daga jita waya ta shiga fedar saita tsirkiya, daga nan ta shiga akwatin rabawa da ake kira ABY. Hanya ta farko ta bi ta fedojin jita da ka saba da su ta ƙare a amfilifayar jita. Hanya ta biyu ta shiga fedar oktef, a kashe asalin sautin jita gaba ɗaya a bar na ƙasa kaɗai, ta ƙare a amfilifayar bes. Micro POG da OC-5 suna da kafar fita ta biyu mai ba da jita tsurarta, don haka za ka iya farawa ba tare da ABY ba.

Ga wani tarko da na faɗa ciki a gaban jama'a. Idan ka taka fedar oktef ka kashe ta, hanyar bes ba ta yin shiru. Tsurar jitarka ce za ta kwarara cikin amfilifayar bes, da ƙarfin da ka saita don oktef. Ka bar fedar oktef a kunne kullum, ka sa makashin sauti ko fedar rage murya a bayanta. Da shi za ka riƙa shigo da bes kana fitar da shi.

Amfilifaya biyu a jita ɗaya suna zuwa da matsala biyu. Ta farko wani gunji ne mara yankewa, na wutar lantarki, 50 ko 60 Hz gwargwadon ƙasar da kake. Yana faruwa ne saboda kowace amfilifaya tana da wayar ƙasa tata, ga kuma wayar jita ta haɗa su, abin ya zama zobe. Za ka ji wani ya ce ka karya ƙafar fulogi ta uku gunjin zai tafi. Kada ka kuskura. Wannan ƙafar ita ke tsakaninka da jan wuta, kai kuma hannunka na kan ƙarfe, bakinka na kan makirfo. Ka nemi ABY mai taransfoma a ciki wadda ke raba hanyoyin biyu, irin na Radial ko Lehle. Ta biyu ita ce lasifika ɗaya tana turawa a daidai lokacin da ɗayar ke ja, sai kaurin ya kashe kansa, ka kunna amfilifaya biyu sauti ya fi na ɗaya siranta. ABY mai kyau tana da ɗan maɓalli na juya wannan. Ka buga E ka bar ta tana kaɗawa, ka danna, ka sake, ka tsaya a inda ya fi cika.

In ba ka son ɗaukar amfilifaya biyu, hanyar bes za ta iya shiga akwatin DI, mai aika sauti ba tare da amfilifaya ba, kamar SansAmp Bass Driver, ta tafi miksa kai tsaye, muddin wurin yana da manyan lasifikun ƙasa. Ka sanar da mai kula da sauti tun da wuri cewa layi biyu ne ke fitowa daga jitarka kuma ɗaya bes ne, ka kuma roƙe shi ya sa wa mai ganga shi a lasifikar gabansa. In kuwa amfilifayar jita ɗaya ce tilo gare ka, to oktef ɗin ya zama ɗan ƙari kawai, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na sautin, ka fi amfani da shi daga tsakiyar wuya zuwa sama, kuma akwati mai rufaffen baya ya fi jurewa.

Sauran fedoji

Fedar oktef ita ce farko a hanyarta, kafin faz ko distoshin, fedojin da ke gurɓata amo. Tana son amo mai tsabta don ta ƙirga, faz kuwa tarin amo yake ƙarawa a kai. Abu ɗaya da nake yarda ya riga ta shi ne kwamfiresa, mai daidaita ƙarfin amo, saboda yana riƙe amon kada ya mutu da wuri, fedar ta ci gaba da bin sa har ƙarshe maimakon ta fara in'ina a wutsiya.

Bayan oktef kuma ɗan ƙazanta kaɗan yana da amfani ƙwarai. Idan ka ɗan gurɓata amon 41 Hz, yakan haifar da 82 da 123 da 164 a samansa, kunne kuma idan ya ji waɗannan sai ya cike na ƙasan da kansa ko da lasifika ba ta fitar da shi ba. Da wannan dabarar ce ake jin bes a ƙaramar rediyo da wayar hannu. Kaɗan nake nufi, daidai inda amon ya fara yin gashi.

A hanyar jita, sanin halin fedarka yana da muhimmanci. Tube Screamer ta Ibanez tana rage abin da ke ƙasa da wajen 720 Hz ta tura tsakiya gaba. Ga mai amfilifaya ɗaya ba mai bes, wannan asara ce. Ga wanda ya raba hanya kuwa riba ce, don tana kawar da jita daga filin bes. Big Muff akasin haka take: tana da kauri mai yawa amma tana rarake tsakiya, shi ya sa masu kiɗa su biyu ke son ta, kuma shi ya sa wani lokaci jitar ke ɓacewa da zarar faifan ƙarfe na mai ganga sun tashi.

Ikwalaiza kuwa, fedar da ke ƙara ko rage wani yanki na sauti, na fi amfani da ita wajen ragewa. Boss GE-7 tana da madannai bakwai, daga 100 Hz, 200, 400, 800 har 6,400. A hanyar bes nakan sauke 800 da duk abin da ke samansa don a ɓoye ƙyallin dijital, in ɗan rage 200 ko 400 idan ɗakin yana kumbura sauti. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne amfilifayar jita: da bes ya samu gidansa, sai na mayar da maɓallin bes ɗinta ƙasa da inda yake lokacin muna mu uku. Nan take kiɗan ya ƙara girma, don kowa ya tsaya a filinsa.

Fedojin amsa-kuwwa da na maimaita sauti da masu sa shi lilo duk su tsaya a hanyar jita. Bes a bushe yake so ya zauna. Fedojin dijital kuma suna jan wuta fiye da na analog, kuma sukan sa ƙara idan aka jera su a waya ɗaya, don haka ka ba su abin ba da wuta mai kafofi a rarrabe.

Hannunka da mai gangarka

Duk wannan kaya ba zai yi tunanin mai bes a madadinka ba. Dole amon ƙasa na kowane kod ya sauka tare da gangar ƙafa, kuma dole ka san lokacin da zai ƙare, don tsawon amo da yankewarsa su ne rabin aikin bes. Na koyi danne tsirkiya da gefen tafin hannu, na koyi buga ƙasa da babban yatsa sauran yatsu suna sama. Mun yi makonni ni da abokina muna atisaye da hanyar jita a kashe, bes da ganga kawai, har sai da muka daina jin su a matsayin abu biyu. Shi ma ya sauya: ya sassauta fatar babbar gangarsa ta gefe, ya rage dukan faifan ƙarfe, ya koma cike wurare da ganguna masu kauri.

Wuri mafi wuya shi ne lokacin da za ka hau sama ka yi salo kai kaɗai. Da ka bar tsirkiyoyin kauri, ƙasa ta tafi. Akwai dabaru: ka bar buɗaɗɗiyar D tana kaɗawa kana wasa a samanta, ko ka sa fedar Freeze ta Electro-Harmonix a hanyar bes ta riƙe maka amo ɗaya muddin ƙafarka na kanta, ko ka naɗi layin bes a lufa, fedar da ke naɗar abin da ka buga ta yi ta maimaita shi, ya riƙa zagayawa. Lufa tana son mai ganga ya bi ta sau da ƙafa, kuma ba kowane mai ganga ke jin daɗin haka ba. Nawa bai so ba, muka ajiye ta.

Abin da muka koma yi ya fi duka, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa makashin sautin nan yana cikin kayan da suka fi komai daraja a gabana. Mun daina ɓoye ramin, muka mayar da shi cikin tsarin waƙa. Baiti na farko jita da ganga kawai, siriri, kamar yadda ya ba mu tsoro ranar farko. Ana isa amshi sai in taka, ƙasa ta buɗe. Amo 41 Hz da ya shigo bayan daƙiƙa arba'in babu shi ya fi wanda aka yi ta ji tun farkon waƙa nauyi nesa ba kusa ba. Na ga mutane a gaban dandamali suna waigawa suna neman inda mai bes ya ɓuya.

Kafin kowane wasa ga abin da nake yi. Amfilifayar bes a ƙasa take zama, ba a kan kujera ko akwati ba, kusa da bango idan ina son ƙarin kauri, nesa da lungu idan ɗakin yana ƙugi, kuma a gefen mai ganga don ya ji ta a jikinsa. Nakan fara da bes da gangar ƙafa su kaɗai har su daidaita, sannan in shigo da jita a hankali daga sifili, in tsaya da zarar kod ya fito sarai. Sai in ɗauki doguwar waya in taka har ƙarshen zauren ina bugawa, saboda amo mai kauri yakan taru a wani wuri ya ɓace a wani, abin da kake ji a kan dandamali ba shi na baya ke ji ba. Nakan bi E, da G, da A, da C ɗaya bayan ɗaya. In wani ya yi tsalle ya fi sauran ƙara, ɗakin ne ke amsa shi, sai in matsar da amfilifayar taku ɗaya ko biyu in sake gwadawa kafin in taɓa kowane maɓalli.